Yadda ake shirya wa yara wasan shiga tatsuniya da dodo, da ƙwayar ludo da marafan kwalba

Wata malama a Nima, unguwar zango a birnin Accra na Ghana, wadda take tara yara ranar Asabar bayan an tashi makaranta, ta aiko da tambaya kamar haka: "Yara shida ne a hannuna, daga shekara 8 zuwa 12. Na ga wani wasa a YouTube, ana zama a kewaye tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama yaro a cikin labarin, suna fama da dodo, ana jefa ƙwaya. Ba ni da littafinsa, ba ni da ƙwayoyin nan masu fuska barkatai. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi kada yaran mutane su kasa barci?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Abin da kika gani tatsuniya ce wadda masu sauraro suke da ta cewa a cikinta. Ke kike riƙe da gari da mutanensa da dodon, su kuma kowa yana riƙe da yaro ɗaya, shi ke faɗin abin da yaron nan zai yi. In abin yana da haɗari, a jefa ƙwaya ta raba gardama. Wasan da ya buɗe wannan hanya shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, amma can jarumai ne masu takubba. Reshen da kike nema ya zo daga baya: Little Fears na Jason Blair a 2001, Monsters and Other Childish Things a 2007, Tales from the Loop daga Suwidin a 2017, sai Kids on Bikes a 2018. Ki lura da wani abu kafin ki kashe ko sidi ɗaya: waɗannan galibi an rubuta su ne don manya da matasa su zauna su yi kamar su yara ne. Little Fears na farko ma yana taɓo cutar da yara ta hanyar da ba za a kawo gaban ɗan shekara 8 ba. Waɗanda aka yi don yara na gaske su ne irin su Hero Kids da No Thank You, Evil! Duk da haka ba sai kin saya ba. Dokoki biyu na Tales from the Loop kawai za ki ara, domin su ne ƙashin bayan wannan irin wasa: yaro ba ya mutuwa a cikin labari, kuma manya ba sa warware matsalar.

Kayan aiki kaɗan ne. Ƙwayar ludo biyar ko shida, fensir, takarda ɗaya ga kowane yaro daga littafin rubutu, marafan kwalba kamar talatin, bayan tsohuwar kalanda don zana taswira, da faifai ko tire da za a riƙa jefa ƙwaya a ciki. Faifan nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. In babu shi, rabin lokacinku zai tafi wajen laluben ƙwaya ƙarƙashin benci da musun ko shida ce ko biyu. Tun farko a yanke: wadda ta fita daga faifai ba ta ƙirgu ba, a sake.

Shida sun yi yawa ga mai farawa. Lissafa ki gani: in kowane yaro ya ci minti biyu a zagayensa, ƙaramin cikinsu zai jira minti goma kafin a dawo kansa, kuma ɗan shekara 8 ba ya zaman minti goma hannu biyu. Uku zuwa huɗu ne daidai. Ki raba su gida biyu, ko ki bi dabarar da zan kawo can gaba. Tsawon zama kuma minti 45 zuwa awa ɗaya ga ƙananan, awa ɗaya da rabi in duk sun haura goma.

Takardar kowane yaro layi shida take buƙata. Suna da shekaru. Sai abubuwa uku, Jiki, Wayo da Zuciya, ya raba musu 3, 2 da 1 yadda ya ga dama: Jiki na gudu da hawa katanga, Wayo na lura da dabara, Zuciya na tsayawa gaban abin tsoro da lallashi. Sai abu ɗaya da ke aljihunsa, kamar tocila, danƙo, alli, igiya ko guntun madubi, wanda ke ƙara masa ƙwaya ɗaya duk sanda ya shiga aikin. Sai abin da yake tsoro. Na ƙarshe, babba ɗaya da yake gudu wurinsa in abu ya yi zafi, kaka ce, ko yaya, ko mai kokon bakin lungu. Kada ki bari yaro ya sa sunansa na gaskiya, ko na wani da ke zaune a wurin. In dodo ya kama Maimuna ta cikin labari alhali Maimuna tana zaune a kan tabarma, ita aka kama, kuma da ita za a kwana. Suna daban shi ne tazarar da ke sa tsoro ya zama daɗi.

Ga yadda ƙwaya take aiki. Yaro ya ɗauki ƙwayoyi daidai lambar abin da zai yi amfani da shi, ya zuba su gaba ɗaya. In ko guda ta nuna 5 ko 6, ya yi nasara. Da ƙwaya ɗaya zai ci kashi 33 cikin 100, da biyu 56, da uku 70, da huɗu 80. Tales from the Loop shida kaɗai yake karɓa, wanda da ƙwaya uku kashi 42 ne kacal, amma can ana tara ƙwayoyi da yawa kuma akwai damar sake jifa. In kika kwafo dokar shida ba tare da sauran ba, yaranki za su faɗi sau uku a jere, na huɗu su ce wasan ba daɗi, kuma da gaskiyarsu.

Faɗuwa ita ce inda yawancin masu farawa suke ɓata wasa. Yaro ya jefa bai samu ba, sai mai ba da labari ya ce "ba ka iya ba, wa ke biye?" Labari ya tsaya cik. Faɗuwa dole ta haifar da wani abu. Ya hau katangar, amma silifas ɗinsa ya faɗa ta wancan gefen. Ta buɗe ƙofar, amma ƙarar ta tashi abin da ke ciki. Sannan ki miƙa masa marfin kwalba ɗaya, wanda nan gaba zai iya ajiyewa ya ƙara ƙwaya, ko ya ba abokinsa. Kids on Bikes ma haka yake biyan wanda ya faɗi. Da wannan, yaron da ƙwaya ta ƙi yau shi zai ceci kowa a ƙarshe. A farkon wasa kuma ki ba kowa marafai gwargwadon ƙanƙantarsa: ki cire shekarunsa daga 13, ɗan 8 ya samu biyar, ɗan 12 ya samu ɗaya. Babba yana da baki da dabara, ƙarami yana da marafai, dole babba ya roƙe shi.

Maimakon jini da mutuwa, a zana akwati uku a ƙasan takarda: Firgita, Gajiya, Rauni. In faɗuwar ta yi muni a cike ɗaya, kowane akwati ya rage ƙwaya ɗaya, amma ba a sauka ƙasa da guda. In duka ukun suka cika, yaron cikin labari ya ruga gida. A nan za ki zama kakarsa na minti ɗaya, ki ba shi fura, ki yi masa faɗa kan dattin rigarsa, ki goge akwatunan, ya koma. Kada ki fitar da shi daga wasa ya zauna yana kallo.

Kuma ba komai ake jefa wa ƙwaya ba. In yara suka duba ƙarƙashin tabarma, alamar da kika ɓoye tana nan, su same ta. Duk abin da labari ba zai ci gaba ba sai da shi, ba a rataya shi a kan sa'a.

Akwai maganar da za ta zo miki daga iyaye, gara ki riga ta. A Sahihu Muslim akwai hadisi mai tsananin hani kan wasan nardi, wani tsohon wasa da ake jefa ƙwaya a cikinsa, kuma malamai da dama sun faɗaɗa hukuncin ga wasannin ƙwaya, ko babu kuɗi a ciki. Gidajen zango sun bambanta a kan wannan: wani gidan ludo ba ya yankewa, wani gidan ba a shiga da shi. Ki tambayi iyayen da malamin da kuke komawa gare shi tun kafin zama na farko. In ƙwayar ce matsala, ki zuba maɓallai 12 masu girma ɗaya a cikin safa, 4 farare 8 baƙaƙe. Yaro ya zura hannu ya ciro adadin lambarsa lokaci guda, in akwai fari ya ci, a mayar. Lissafin ya kusa zama ɗaya: 33, 58, 75, 86. In kuma sa'ar kanta ake ƙi, a bar ta gaba ɗaya, kowane abu mai wuya a biya shi da marfi, a samu marfi ta hanyar taimakon aboki ko yarda a shiga matsala. Ko ta wace hanya, kada alewa ko pesuwa ɗaya ta hau kan faifan.

Yanzu dodo, wanda shi ne aikinki na gaske. Mai farawa yakan zauna yana ƙirga masa haƙora da farata. Wannan ɓata lokaci ne, domin yara ba za su yi dambe da shi su ci ba, in kuwa sun ci to ba dodo ba ne. Tambayoyi huɗu za ki amsa a takarda kafin yara su iso. Me yake so? Me ya fito da shi yanzu? Wace alama yake bari? Wace doka ce ta ɗaure shi? Tatsuniyoyinmu sun riga sun koya mana wannan: Dodo yana da ƙarfi amma ana yaudararsa, ana yi masa waƙa, ana ƙulla alkawari da shi.

Ga misali cikakke. Kwana uku ke nan silifas suna ɓacewa a ƙofar makaranta, kuma ƙafar hagu kaɗai. Malam ya ce yaran ne, ranar Litinin zai ɗauki mataki. Alamu uku: sawu mai yatsu uku a jiƙe alhali hunturu ne ba a yi ruwa ba, kuliyoyin lungu sun yi tsit, jemagun da ke tashi daga itatuwan asibitin sojoji na 37 da yamma suna kewaya rufin gida ɗaya ba sa wucewa. Dodon uwa ce. Ambaliyar bara ta tafi da sheƙarta, tana ɗinka kwale-kwale da silifas don 'ya'yanta kafin damina. Dokarta: ba ta iya motsi muddin ana yi mata waƙa, kuma ba ta ƙin koko mai zafi. Ki duba hanyoyin da wannan ya buɗe ba tare da kin tsara ko ɗaya ba. Za su iya yin waƙa su kwaso silifas su gudu. Za su iya kawo mata robobin ruwa ta yi musaya. Za su iya nemo mata wuri mai tudu. Wani yaro zai kawo ta huɗu wadda ba ta zo miki ba, kuma in tana da ma'ana ko kaɗan, ki karɓa. Dodon da yake son wani abu ana iya ciniki da shi, kuma yaron da ya yi ciniki da dodo ya fi wanda ya gudu samun barci.

Kada ki nuna shi da wuri. Alama ta farko a minti biyar, ta biyu a sha biyar, ƙara ko inuwa a rabin lokaci, shi kansa sai kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshe. Don yara su ji lokaci yana tafiya, jera marafai shida a tsakiyar tabarma. Duk sanda aka faɗi jifa mai haɗari, ko aka tsaya musu ba a motsa ba, ki ɗauke ɗaya ba tare da kin ce uffan ba. In sun ƙare, dodo ya iso inda suke. Za ki ga idanu suna komawa kan marafan nan, surutu ya ragu da kansa.

Inda za ki ajiye dodon kuma a yi hattara. Zana unguwa mai kama da taku, da masallaci, da mai waken safe, da tashar mota, da famfo. Amma kada ki sa shi a babbar kwatar Nima, ko a wani kango na gaskiya, ko rijiya. Yara za su je dubawa, wannan tabbas ne, kuma duk wanda ya ga kwatar nan in sama ta zubo a watan Yuni ya san ba wurin leƙe ba ne. Ƙirƙiro lungun da babu shi, wanda ba ya buɗewa sai an ɗauke wuta, ki faɗa musu a fili cewa a taswira kaɗai yake.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne wanda ba za a mayar dodo ba. Ban da aljanu, domin yaran sun san su daga karatu, ba za su ɗauke su wasa ba. Ban da maye ko mayya, ban da tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, ban da mai taɓin hankali, mai nakasa, ko wata ƙabila. A 2020 an kashe tsohuwa 'yar shekara 90 a Kafaba, kusa da Salaga a arewacin Ghana, kan zargin maita. Wasan da ya koya wa yara shida cewa tsohuwar ƙarshen lungu ita ce dodon, ya fita daga kan tabarma ya shiga unguwa. Sasabonsam da mmoatia, halittun daji na tatsuniyoyin maƙwabtanmu Akan, suna da daɗin labari, sai dai in akwai ɗansu a cikin yaran ki fara jin ta bakin gidansu. Wanda ba ya da matsala ko kaɗan shi ne Gizo. Sa shi ya zama mai ba da shawara a bakin hanya, rabin maganarsa gaskiya, rabi don cikinsa, kullum yana neman ƙosai kafin ya buɗe baki. Yaran da suka san Ananse, Gizon Akan, a makarantar boko za su gane shi nan take.

Game da barci. Kafin a fara, tambayi kowa abin da ba ya son ya fito, ki rubuta, ki kiyaye ba tare da neman dalili ba. Ke ma ki sa naki: ba a taɓa uwa, ba mutuwa, ba bayanin rauni. Ajiye jan marfi a tsakiya, duk wanda ya taɓa shi an canza abin da ke faruwa, ba tambaya ba tsokana. Masu wannan wasa sun san dabarar da sunan katin X na John Stavropoulos. Amma yaro yakan ji kunyar taɓawa gaban sa'o'insa, saboda haka idonki ne babban tsaro. Ihu da dariya da matsowa kusa, lafiya lau. Wanda ya yi shiru, ya daina kallon taswira, ya ce fitsari yake ji sau biyu, ko yake ta tambaya "da gaske akwai shi?", wannan tsoron ya wuce wasa. Kada ki tsayar ki nuna shi. Sa dodon ya yi atishawa, ko kansa ya maƙale a taga, ko ki ba yaron nan abin da zai yi wanda ba ya buƙatar jifa: shi ya tuna waƙar. Ki yi wasan da la'asar a gama kafin magariba, kuma ga 'yan ƙasa da goma kada ki tashi zama dodo yana sake, wai sai mako mai zuwa. Buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "ta zo mu ji ta", rufe da "ƙurunƙus". Sun san ma'anar wannan ƙofa tun suna goye.

Sauran matsaloli ƙanana ne. Mai baki zai cinye wasa, sai ki riƙa zagayawa da suna, kina farawa da mai shiru: "Ke fa, me kike yi sanda yake hawa?" Wani zai ce zai kira babansa ko ɗan sanda. Kada ki ce ba dama. Baba ya zo, ya haska tocila, bai ga komai ba, ya ce a wuce gida, kuma marfi ɗaya ya tafi daga tsakiya. Wani komai ya gani sai ya ce zai harbe shi da danƙo. Bar shi ya jefa, in ya ci dodon ya ja da baya yana kuka, 'ya'yansa su fito suna leƙe, sauran yaran za su yi miki aikin. In sun rabu gida biyu, minti biyu nan, minti biyu can, ki yanke kowane a daidai inda ake son jin ci gaba.

Dabarar yara shida da na ambata ta fito ne daga tunanin Monsters and Other Childish Things, inda dodon abokin yaro ne da yake ɓoyewa. Haɗa su biyu-biyu, ɗaya yaro ɗaya dodonsa, zagaye ya koma uku maimakon shida. Mai dodo ya zana shi, ya zaɓi gaɓoɓi uku ya raba musu 3, 2, 1, misali hanci mai jin ƙarya, hannu mai miƙewa, ciki mai haɗiye komai. Ya rubuta inda yake ɓuya, a jakar makaranta ko cikin buta, da abin da ba ya iya haƙura da shi, alli ne ko tsiren mai nama. Duk sanda dodon ya faɗi jifa, ya yi ɓarnar da babba zai gani, yaron ne zai yi bayani. Ki ba ƙarami dodon, babba ya zama yaronsa, domin ɗan shekara 8 ba abin da yake so kamar a ce yau shi ne mai ƙarfi kuma yayansa ke ba shi haƙuri. Kada ki haɗa wa da ƙani na ciki ɗaya a zama na farko, rigimar gida za ta biyo su.

Zaman farko ki tsara shi haka: minti goma na cike takardu da zana taswira tare, kowa ya sa gidansa, minti biyar na rayuwar yau da kullum, aike ko layin famfo, rabin awa na bin alamu, minti goma da dodo, biyar na komawa gida. Tattara takardun ki riƙe a wurinki, in suka tafi da su ba za su dawo ba. Kafin su tashi, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake son gani Asabar mai zuwa, ki rubuta a bayan taswirar, daga nan za ki ciro amsar tambayoyin nan huɗu na dodo na biyu.